Shekarar da Na Zama Idon Maigidana

Shekarun baya, tun gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, na yi barantaka a gidan maigarinmu, a wani ƙauye a gefen rijiyoyin Dakoro. Aikina ba shi da suna guda. Ni ke tsayawa bakin zaure in san wa zai shiga, wa zai jira. Ni ke kai saƙo rugar Fulani, ni ke tarbar ayarin Abzinawa in sun sauko da gishiri suna neman gero. Lokacin ina ji da kaina ƙwarai. In na sa rigar da maigidan ya ba ni har tafiyata sauyawa take, alhali rigar ta fi ƙarfina, tuntuɓe nake da ita.

Wata rana da hantsi muna mu biyu a zaure, sai ya ce, "Matso nan. Wane ne wancan tsaye gindin aduwa tun ɗazu bai yi sallama ba?"

Na leƙa. "Ranka shi daɗe, ai kututture ne."

Dariya ta taso mini, amma da na dubi fuskarsa sai ta koma.

"Gani shina barina," in ji shi. "Ido garau, amma duniya ta zama hayaƙi. Ƙannena sun daɗe suna hangen shimfiɗar sarautar ga. In suka ji, garin ga rabewa za shi yi. Daga ni sai kai sai Allah."

Daga ranar na zama idonsa. In baƙo ya doso, sai in ɗaga murya tun daga nesa: "Maraba da ardo! Yau har da babban ɗanka aka taho?" Da haka maigidan ke sanin wa ke gabansa. In za mu masallaci ina gaba, ina jan takalmi a ƙasa, shi kuwa yana bin ƙarar. Ban isa in yi nisa da shi ba ko na ɗan lokaci.

Mutanen gari suka ga abin da suka gani: bara ya fi ubangidansa baki, har gabansa yake shiga. In na iso inda ake hira sai a yi tsit, wani ya ɗauko zancen damina. Abokina na ƙuruciya, wanda muka yi kiwon awaki tare, ya tare ni bakin rijiya.

"Kai, mi ya same ka? Ko fura ba ka tsayawa sha da mu."

"Aiki ne."

"Aiki ko girman kai?"

Maganar ta zo har bakina, na haɗiye. Ya jira, ya jira, sannan ya saɓa gugansa ya tafi. Mahaifiyata ma ta lura. Ta ce, "Ɗan nan, kana ramewa a gidan da ake yanka?" Na ce zafi ne. Da la'asar in na kai dokin maigidan bayan gari, shi nake yi wa hira. Doki dai ba ya kai magana.

A tsakiyar rani zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyata, na tsaya da safe ina jiƙa mata magani. Ashe a safiyar wani madugu na Abzinawa ya iso ba tare da aike ba. Ko da na shigo zaure da gudu, maigidan ya riga ya kama hannun mai jan raƙumin madugu, ya zaunar da shi kan buzu yana ta yi masa barka da hanya. Madugun yana tsaye gefe, hannunsa kan takobi.

Na zube na ce, "Ranka shi daɗe, ka fara da wanda ya fi gajiya kamar yadda ka saba. Ga madugu nan hagunka shina jira."

Madugu ya zauna, amma bai taɓa furar da aka kawo ba. Washegari ayarin ya wuce gaba da gishirinsa, geronmu yana rumbu.

Da zaure ya watse maigidan ya ce, "Ina ka tahi?"

"Uwata ce ba lahiya." Sannan na faɗi abin da ya daɗe yana cina. "Ranka shi daɗe, ni mutum guda ne. Ran da na kwanta fa? Ka gaya ma dattawa da bakinka, tun wani bai gano da idonsa ba."

"Na ɗauke ka ido, ka koma baki?"

A makon ya tura ni dajin Azagor in kula da garkensa. Ba wanda ya raka ni ko bakin gari. Na ji daga baya ana cewa sata na yi. Na yi damina guda can, ni da raƙuma da makiyayan da ba mu jin harshen juna sosai, kuma ko sau ɗaya ban buɗe baki na wanke kaina ba.

Bayan kaka aka aiko in koma. Ashe da maigidan ya rasa mai ja masa gaba, ya tara liman da dattawa ya faɗa musu da kansa. Ƙaninsa ɗaya ya yi fushi ya kwashi iyalinsa zuwa wajen Korahane, amma gari bai rabu ba. Dattawa suka riƙa zama kusa da shi bi da bi. Da na iso, a gabansu maigidan ya ce, "Wanga bai ɗauki ko allurata ba. Amanata ya riƙe." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Manyan wancan zamani ba su iya ba da haƙuri ba.

Na fita neman abokina, aka ce ya yi ƙaura kudu, kwarin Maraɗi, da matarsa da 'ya'yansa. Ba mu sake haɗuwa ba. Ban sani ba ko labarin ya taɓa isa kunnensa.

Ban yi nadamar riƙe sirrin ba, kuma ban yi nadamar faɗa masa gaskiya ba. Wanda ke yi wa babba hidima, bakinsa a rufe yake a waje, amma a ɗaki wajibi ne ya buɗe, ko da zai kai shi daji. Manya kuma su sani, nauyin da suka sauke wa mutum guda ba ya ɓacewa, gida yake tafiya da shi, ya zauna da shi shi kaɗai.

Yanzu na tsufa. In wani babba ya sauka garinmu, kowa zaure yake rugawa. Ni kuwa sandata nake ɗauka in nemi wanda aka bari a waje da linzami a hannu, in kai masa ruwa, in zauna kusa da shi. Ba na tambayarsa komai.