Furar Gwaggo a Kan Dandali

Jiya na leƙa tsohon gidan wasan kwaikwayonmu na Dakoro da aka gyara. Sababbin benci, ko'ina warin fenti. Ni kuwa ƙamshin fura da nono nake ji, don Gwaggo, yayar babana, ta faɗo mini a rai.

A farkon 'yancin kai ba ta zuwa kallo sai da ƙwaryarta rufe da faifai. Wata la'asar 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, suka yi wasan wani makiyayi daga Korahane da wani maigida ya hana ruwa. Gwaggo ta gyara ɗaurin zane, ta nufi dandali.

Na riƙo hannunta. "Gwaggo, wasa ne fa!"

"Na sani, ɗiyata. Amma maƙoshin yaron ga na gaskiya ne. Garin ga ba a hana baƙo sha."

Ta haye, ta miƙa masa ludayi. Maigidan ma ya manta da rowarsa, ya ce, "Inna, saura ni!" Wuri ya kaure da dariya, wasa ya ƙare a bakin ƙwarya.

Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara, Gwaggo, ke da ba ki bar kowa da ƙishi ba.