Malam Sabo Ya Koma Ɗauko Inna

Ranar Talata ce, lokacin girbin gero. Bayan sallar asuba na wasa magirbi. Gayya ake yi a gonata, kuma Malam Sabo, mai koya mana karatu a ajin yaƙi da jahilci, ya ce zai zo.

Haka yake, bai tsaya a bakin allo ba. Gida-gida yake bin mu, mu ashirin da ɗaya. Ya san wanda akuyarsa ta haihu, ya san mai ciwon ƙafa. A gidana ya gane cewa Inna, mahaifiyata, ba ta ji. Sai ya durƙusa gabanta ya gaishe ta a hankali, tana kallon bakinsa.

Ƙarfe tara matata Hajara da yara suka kawo mana fura gona. Muna yi wa Malam tsiya don hannunsa ya yi bororo, sai ƙarar baburan 'yan bindiga daga arewa. Harbi ya biyo baya.

"Ku shiga dawa! Kada kowa ya hau hanya!" in ji Malam.

Muka kutsa cikin dawa a sunkuye. Kafin ƙarfe goma mun kai kwarin rafi. Mutanen gari suna ta isowa. Mun ɗauka harbi ya fito da kowa daga ɗaki.

Malam ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Inna? Ba ta ji harbin ba!"

Ni da ta haifa ban tuna ba. Na yunƙura, ya danne kafaɗata.

"Riƙe yaranka!"

Ya koma cikin dawa.

Wajen sha ɗaya muka ji harbi biyu daga bayan gidana. Da azahar Inna ta fito ita kaɗai. Ta ce Malam ya keta danga ya tura ta, ya nuna mata rafi da hannu. Ba ta ji komai ba.

Malam bai sake fitowa ba. Da magariba muka isa garin Bici da ƙafa. Kwana tara muka yi, muka koma. Ba mu bar musu gari ba. Muka girbe abin da wuta ta rage. Sun ƙone allon, sai muka shafa gawayi a tsohon ƙyaure. Wanda ya iya baƙi yana koya wa wanda bai iya ba. Wannan ma da hannuna na rubuta.

Rumbunana biyu sun ƙone. A aji mu goma sha takwas ne yanzu. Kullum da la'asar Inna tana shimfiɗa tabarma a inda Malam yake durƙusawa.