Shafin Da Na Rubuta a Littafin 'Yan Gida

A duk shekarun da na yi a ofishin ilimi na Funtuwa, ranar da ba ta taɓa barin raina ba ita ce wata Laraba a farkon shekarun tamanin, lokacin muna ƙarƙashin Kaduna. Ku da kuke ganina da furfura kuna cewa Malam Sule bai taɓa kuskure a fayil ba, ku gyara zama.

Aikina a lokacin shi ne kula da malaman da aka ba hutun ƙaro ilimi. Malami zai yi shekaru yana jiran layi ya zo kansa. In ya samu ya tafi jami'a, kowace shekara sai ya aiko mana da kwafin takardar kwasa-kwasan da ya zaɓa, in duba, in yi bayani a fayil, in kai wa shugabanmu Alhaji Lawal ya sa hannu. Sharaɗi biyu ne. Wanda ya faɗi kwas ba a ƙara masa shekara, gida zai dawo. Na biyun kuma sabo ne a wannan shekarar: duk mai karatun tarihi dole ya ɗauki kwas ɗin tarihin ƙasar Hausa, domin malamai uku a jere sun dawo mana da digiri, suna zuba labarin sarakunan Turai, amma ba mai iya gaya wa ɗalibi yadda aka kafa garinsu.

Da safen nan Alhaji ya aika a kira ni. Na tarar da Malam Bitrus a tsaye gaban tebur. Malamin firamare ne daga wani ƙauye kusa da Kafur, mutum mai sanyin hali, shekara tara yana jira kafin layi ya zo kansa. A kan teburin akwai fayil ɗinsa, da wasiƙar janye hutunsa, an riga an buga ta, hannu kawai take jira.

Alhaji ya ce, "Malam Bitrus, takardar umarni ta iso maka ko ba ta iso ba?"

Ya ce, "Ta iso, ranka ya daɗe."

"To me ya hana ka ɗaukar kwas ɗin? A shekara ta biyu kaɗai ake yin sa, kuma jibi Juma'a za a rufe canjin kwas."

Bitrus ya ce, "Ranka ya daɗe, ba taurin kai ba ne. In na ɗauka zan faɗi, in na faɗi kun dawo da ni. In ban ɗauka ba ma kun dawo da ni. Gaba kura baya sayaki."

"Wa ya gaya maka za ka faɗi?"

Sai ya buɗe jakarsa ya fito da wani littafi mai baƙin bango. Ina ganinsa na gane shi.

Bari in yi muku bayanin littafin nan. Mu 'yan Funtuwa da Malumfashi da ke jami'a muna da shi, muna ce masa littafin 'yan gida. Yana zama a ɗakin wanda ya fi kowa daɗewa. Duk wanda ya gama shekara sai ya rubuta abin da ya gani a kowane kwas: wane malami ne mai sauƙi, wane ne mai ƙwauron maki. Ba a sa suna, ba a sa shekara, kuma na baya ba ya soke abin da na gaba ya rubuta, rashin kunya ne. Sabon ɗalibi ya fi yarda da littafin nan a kan duk abin da jami'a ta buga.

Bitrus ya buɗe shafin ya miƙa. Alhaji ya gyara tabarau ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya jawo fayil ɗin, ya buɗe inda na yi bayani da hannuna jiya-jiyan nan, ya ajiye su gefe da gefe. Ni kuwa ina da wata irin "k" mai doguwar wutsiya da duk ofishin aka sani.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Sule, idona ya yi rauni. Karanta mana."

Na karɓa, na karanta: "Wannan kwas kabari ne. Doktan ba ya ƙaunar mutanen wajenmu. Kowa ya shiga ya faɗi." A ƙasa mutum huɗu sun ƙara da "Haka ne," kuma na san ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama ajin.

"Ka san mai rubutun?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Bitrus ya juyo ya dube ni. Ni ne na cika masa takardar neman hutu, Yaya yake kirana.

Alhaji ya ce, "Gaskiya ce ka rubuta?"

A nan ne na faɗi abin da na yi shekara bakwai ina ɓoyewa. Kwas ɗin yana da aikin fita: mako uku ɗalibi zai shiga ƙauyuka ya zauna da dattawa ya rubuta tarihi daga bakinsu. Ni kuwa makonnin nan sun faɗo daidai lokacin cirar auduga, kuma ba wanda zai tsaya wa gonarmu a Dandume. Na tafi gona. Da na dawo sai na zauna a ɗaki na ƙago hira da wani sanannen dattijo, har da tarinsa da shan ruwansa. Ashe tsohon ya shekara biyu da rasuwa, kuma Doktan ya je gaisuwar. Ya kayar da ni, na maimaita shekara, domin ni ba da hutun ofis na tafi ba. Haushi ya sa na ɗauki biro na yi wannan rubutu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma nawa sai da ya haɗiye malaman nan uku da suka guje wa kwas ɗin kafin ya ƙure.

Alhaji ya ɗauki wasiƙar ya sa a aljihun tebur. Ya ce, "Zan riƙe ta har Juma'a bayan masallaci. In takardar canji ba ta zo da sa hannun Doktan ba, zan sa nawa hannun a kan wannan. Malam Sule, kai za ka raka shi. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance."

Ranar Alhamis muka shiga motar farko zuwa jami'ar. Har muka isa Bitrus yana kallon taga, yana rungume da jakarsa. An riga an yi mako biyar da fara karatu, kuma Doktan yana da ikon ya ce lokaci ya wuce. Muka zauna a benci ƙofar ofishinsa har bayan azahar. Sau biyu ina tashi kamar zan je kewaye, don kawai ƙafata ta ƙi zama.

Da muka shiga ya ɗago kai ya dube ni. Na yi zaton ya manta. Sai ya ce, "A'a, Sule. Yaya dattijon naka? Har yanzu yana ba da hira?"

Na ce, "Dokta, na zo da abin da ya fi wannan muni." Na ajiye masa littafin a buɗe.

Ya karanta sau biyu. Na ga fuskarsa ta canja, ba fushi ba ne, wani abu ne da ya fi fushi ciwo. Ya ce, "Shekara bakwai ina tambayar kaina me na yi wa mutanen Funtuwa da Malumfashi. Ƙasa cike da dattawa, ban sami ɗalibi ɗaya da zan aika ba. Ka san nawa suka mutu da abin da ke bakinsu?"

Ya juya ga Bitrus ya ce, "Mako biyar ya wuce ka. Ba zan rage maka komai ba, kuma ba zan ƙara maka don laifin wani ba. Za ka iya?"

Bitrus ya ce, "Dokta, in ba a kan garinmu za ka kayar da ni ba, zan iya."

Ya ɗauki biro ya sa hannu. Sannan ya miƙo mini biron ya ce in rubuta gaskiya a ƙarƙashin shafin, da sunana da shekara. Na rubuta.

Takardar ta isa teburin Alhaji da hantsin Juma'a. Bitrus ya sha wuya a shekarar nan, ya rame, amma ya ci kwas ɗin, ya dawo ya koyar da shi a sakandare har ya yi ritaya.

Sai dai a motar dawowa, muna gab da shiga Funtuwa, ya yi mini tambaya ɗaya. Ya ce, "Malam Sule, da Alhaji bai gane rubutunka ba, da za ka faɗa?" Na buɗe baki, na tuna wasiƙar tana kan tebur kuma ni ne na kai ta a buga. Na rufe bakina.

Saboda haka ku da kuke ba na baya shawara, ku sani ba su tambayar hujja, girmanku suke dubawa. In wani ya ce muku hanya ba ta ɓullewa, ku tambaye shi ko ya bi ta, kuma me ya tare shi. In ku aka tambaya, ku faɗi naku laifin tare da na malamin. Bitrus ya ci gaba da gaishe ni da ladabi duk inda muka haɗu, har ya zo sunan 'ya'yana. Amma daga ranar nan bai sake ce mini Yaya ba, kuma ban ga laifinsa ba.