Azurfa Ba Ta Kwana a Gidan Isiyaku

Ina zaune a tsakar gida a Kazaure ina tsince shinkafa, hantsi ya ɗaga, sai waya ta yi ƙara. Safiya ce, babbar 'yar Isiyaku. Ba ta yi sallama ba, yarinyar da ko kaza za ta kora sai ta gaishe ta. Ta ce, "Gwaggo Delu, Baba ya faɗi a bakin masallaci. Kafin a samo mota Allah ya karɓi abinsa." Na ce mata ƙarya take yi, ta ba shi wayar in zage shi. Sai na ji kukan mata a bayanta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Farantin shinkafar nan ban san wanda ya ɗauke shi daga cinyata ba.

Isiyaku ɗan kawuna ne, taubashina, kuma abokin sana'ata. Tun muna yawo ba takalmi muke tsokanar juna, har furfura ta cim mana ba mu daina ba. Shi yana kirana Tsohuwar Rediyo, wai ba a kashe ni sai batir ya ƙare. Ni kuma ina kiransa Alhajin Dusa, dalilin zai zo. Wanda ya saba jin bakina a kansa ya yi haƙuri in ya ga na sassauta a nan. Wanda nake yi dominsa ba ya nan balle ya rama.

Gidansa yana wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kuma kafin ku kai ƙarshe za ku gane abin da ya sa. Gidan ne na ƙarshe a layin, bayan katangarsa gonaki ne har iya ganin ido.

Asalinsa manomi ne, yana taɓa saye da sayar da hatsi. Harkar azurfa ta same shi ne lokacin da Fulanin da ke kewaye da mu suka fara jin tsoron barin shanu da yawa a ruga, ga kuma naira kullum tana ramewa a hannu. Mutum ya sayar da sa, ya riƙe takardu, kafin damina ta zagayo ba sa sayen maraƙi. Sai suka koma neman sulallan azurfa, sababbi masu ƙyalli, waɗanda mace za ta ƙulle a zani ta gudu da su in gudu ya kama. In ka sayi ɗaya ɗaya a kasuwa da tsada, kuma ba ka san wanda ya taɓa shi kafin kai ba. Isiyaku ya gano cewa manyan diloli a Kano suna sayar da su akwati guda, ɗaure da igiyar roba da hatimi, a ciki an jera su cikin 'yan gwangwanayen roba. Akwai kuma wani dila da ke shigowa ta Babura daga Nijar, shi da sefa yake yanka farashinsa. Akwatin bai fi wanda mace ke ajiye kayan kwalliya girma ba, amma in ka ɗaga shi sai ka ambaci sunan Allah.

Ga yadda yake aikinsa. Ba ya tafiya sayayya sai ya haɗa masu so tukuna, kowa ya faɗi nasa. Ni ce mai shiga gidaje da rugage in ji na mata. Ranar ɗauko kaya sai ya sa wata tsohuwar riga wadda ko almakashi zai ji kunyar taɓa ta, ya tura akwatin cikin buhun dusa, ya ɗaure a bayan babur kamar mai kai wa awaki abinci. Daga nan sunan ya samo asali. In ce, "Alhajin Dusa, mutum yana ɗauke da abin da zai sayi garken shanu, amma ya yi kama da wanda aka kora daga gidan suna." Ya ce, "Ke dai rage murya, Rediyo. Wanda ya raina ni ya bar mini hanya, ni kuwa hanya nake so."

Ba ya yanke hatimin akwati shi kaɗai, ko sau ɗaya. Sai masu kaya sun zauna a zaurensa, ya ɗora a tabarma, kowa ya ga igiyar ba a taɓa ta ba. Sannan ya zaro sule daga kowane gwangwani, ya kara masa maganaɗisu, ya sake shi a kan wani dutse ya saurari kukansa. Kafin rana ta faɗi kowa ya ɗauki nasa ya kama hanya. Ko ruwa ake yi sai ya bi wanda bai zo ba har rugarsa. Maganarsa kullum ita ce, "Azurfa baƙuwa ce a gidana. Tana shan ruwa ta wuce, ba ta kwana."

Akwai shekarar da wani dila ya haɗa shi da akwatin da aka cusa wa na jabu a ƙasa, ƙarfe ne aka shafa wa azurfa. Bai gane ba sai bayan an watse, da wata mata ta dawo da guda ya fara yin ja a gefe. Ba wanda zai kama shi da laifi, a gaban kowa aka buɗe. Amma ya hau babur ya bi rugage ɗaya bayan ɗaya, har ƙasar Roni da Yankwashi, yana karɓar marasa kyau yana ba da masu kyau. Hatsin da ya ajiye don tsadar bazara shi ya tafi a wannan. Na ce masa wauta ta yi masa yawa. Ya ce, "Su ba dilan suka sani ba, Delu. Fuskata suka sani."

Wata rana kuma wata tsohuwa ta zo za ta sayar da saniyarta ɗaya tilo mai tatsa ta sayi azurfa, don ta ga maƙwabta suna yi. Ya ƙi karɓa. Ta yi fushi, ta ce ya raina ta. Ya ce, "Inna, jikokinki in sun tashi da safe sule za ki dama musu?" Ta tafi tana ƙunƙuni, kuma har ya rasu duk ranar kasuwa tana aiko masa da kindirmo.

Aibinsa ɗaya, kuma shi ya jawo mana halin da muke ciki: Isiyaku ba ya iya yar da komai. Akwatunan nan in an kwashe azurfar ba ya rabuwa da su. Ya lura murfinsu yana kamawa gam, ƙwaro ba ya shiga, sai ya mayar da su rumbun iri. Wannan irin wake, wancan riɗi, wancan gero ɗan gajere da ya samo daga Kanya Babba. Ya jera su a ɗakinsa har sun kusa kai taga. Na sha ce masa ya ba ni biyu in sa daddawa, ya ce in ya ba ni, kafin la'asar duk Kazaure ta san launinsu.

Kafin in isa ƙauyen an riga an kai shi. Na tarar da matarsa Hajara a ɗaki, ido ya kumbura, ƙananan yaran sun lafe a jikinta. Ban gama yi mata gaisuwa ba na fara jin abin da ya tayar mini da hankali. Ashe da za a yi masa wanka, mazan da suka shiga ɗakin sun matsar da akwatunan don a sami wuri. Suka ji nauyi. Ba wanda ya buɗe, ai ba a buɗe kayan mamaci. Amma kowa ya fito da labari a bakinsa. A wajen zaman makoki ina jiyo su ta katanga, wai yabonsa suke yi. Wani ya ce, "Allah ya jiƙan Alhaji, mutum ga arziki ga ɓoye kai." Wani ya ce, "Ni da hannuna na ɗaga, mu biyu da ƙyar." Kafin magariba akwatunan sun zama ɗaki guda cike, kafin wayewar gari har da waɗanda aka binne a ƙarƙashin gado.

Ku da kuke wannan yanki kun san abin da irin wannan magana take jawowa a zamanin nan. Ba sai na faɗa ba.

Washegari mai shagon bakin hanya ya aiko matarsa ta raɗa mini cewa wasu mutum biyu a kan babur, ba 'yan garin ba, sun tsaya sun sayi ruwa, sun tambayi wane ne gidan mai azurfar da ya rasu. Ba su shiga gaisuwa ba. Sun kalli gidan, sun kalli gonakin bayansa, suka juya. Wataƙila bayin Allah ne da suka tuna wani uzuri. Wataƙila. Amma Hajara da ta ji, sai ta jawo ni gefe. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya Delu, ina cikin takaba, ba inda zan iya zuwa. In sun zo suka ce in fito da azurfa na ce wake ne, wa zai yarda? Yaran nan za su ɗauka."

Na sa aka kira mini ƙaninsa Malam Habu zuwa soro. Na ce a fito da akwatunan nan a buɗe a gaban jama'a. Ya ce, "Haba Yaya, kayan gado ne, akwai marayu a ciki. Ba a taɓawa sai ranar rabo. Kuma me mutane za su ce, ana makoki muna baje kaya kamar kasuwa?" Na ce, "Habu, marayun nake so su kai ranar rabon." Ya ce shi dai ba zai iya ba, da kunya. Gaskiyarsa ne, shi ƙani ne. Amma ni taubashiya ce. Abin da in wani ya yi za a ce rashin ta ido, in ni na yi sai a ce Delu ce da halinta. Na aika wa Liman, ya ce in dai ba za a rage ko ƙwaya ba, kuma magada sun yarda, babu laifi a nuna.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, jama'a ba su tashi ba, na yafa mayafi na fito ƙofar gida. Ni da Safiya muka riƙa kinkimo akwatunan muna direwa a tabarma. Wuri ya yi tsit. Na ɗaga murya yadda na can baya zai ji. Na ce, "Jama'a, na ji ana cewa taubashina ya mutu ya bar dukiya. To ni ce na fi kowa haƙƙin in tona masa asiri. Ga dukiyar attajirinku!" Na ɓalle murfin farko na juye a ƙwarya. Wake. Na biyu, riɗi. Na uku gero, har da tokar da yake barbaɗawa. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, Delu, ko yau ba za ki ƙyale shi ba?" Na ce, "Baba, shi ya fara. Shekara nawa ina roƙon akwati ɗaya ya hana ni saboda wake." Dariya ta kuɓuce wa wasu, wasu suka sunkuyar da kai, Habu ya rufe fuska da hula yana kuka. Ba mu tsaya ba sai da muka juye na ƙarshe. Sannan na ce duk mai shakka ya shiga ɗakin da fartanya, ga Liman zai raka shi. Ba wanda ya motsa.

Na koma ciki na zauna. Ban daɗe ba wata mata da ta zo gaisuwa daga nesa, ba ta san ko ni wace ce ba, ta matso ta ce mini a hankali, "Ai dabara ce. Mai irin wannan harka ba ya rasa inda ya ɓoye na gaske."

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ni da rubutu yake yi mini wuya. Na san yabon mamaci ake so a irin wannan wuri, kuma na yaba shi iya sanina. Amma ina roƙon duk wanda ya karanta, ya karanta wa wanda bai iya ba, a tasha, a kasuwar Babura, a majalisar masu shayi. Ni na yi aiki da Isiyaku tun akwatinsa na farko har na ƙarshe. Wallahi bai bar sule ɗaya na azurfa a gidan nan ba, nasa ko na wani. Abin da ya bari shi ne mace mai takaba, da 'ya'ya, da irin shukar bana. In kuna ƙaunarsa, ku daina ƙara masa arzikin da bai da shi. Har yanzu ina gidan, ban koma Kazaure ba, kuma duk babur ɗin da ya rage gudu a bakin layi sai na ga Hajara ta ɗaga kai.

Allah ya jiƙan Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da amanar mutane da ya riƙe bai ci ba. Allah ya ba Hajara haƙuri da ƙarfin zuciya, ya raya Safiya da ƙannenta cikin aminci. Ya Allah, kai ka san abin da ke cikin gidan nan da abin da babu. Ka sanar da wanda bai sani ba, ka kawar da idon mugu daga ƙofarsu, ka juya ƙafarsa tun daga nesa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.