Minti Bakwai na Banki

Mai Agogo ɗan kawuna ne, kuma kaf danginmu babu wanda ya kai shi iya shiga sharo ba shanu. An ce ranar da aka haife shi ma sai da ya dubi bango ya ga ƙarfe nawa, sannan ya yi kuka. Gyaran agogo ne sana'arsa. Teburinsa mai gilashi yana jingine da katangar wani banki, cikin inuwar da ba ta gushewa sai la'asar. Shekara goma sha bakwai yana nan, da ɗan madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya, da gwangwanin madara cike da matattun batura.

Da wayar hannu ta cinye kasuwar agogo, aiki ya ja baya, zama ya yi yawa. Abokan sana'arsa suka koma gyaran waya. Shi kuwa sai ya koma auna banki. Kullum da safe zai zaɓi mutum uku waɗanda ba za su ɓace masa ba: mai jar hula, mai lema, mai ƙaton tumbi. Mutum na shiga layi ya danna agogo, yana fitowa ya sake dannawa, ya rubuta a littafin 'yan makaranta. Wanda ya gaji ya tafi gida, sai ya zana masa ƙafa biyu a gefen shafi. Littafi ashirin da uku ya cika a haka, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Matarsa takan ce, "Baban yara, da kana auna kwanakin da ƙyauren banɗaki ya yi yana jiran ƙusa, da littafi ɗari bai ishe ka ba."

A shekarar farko jira minti arba'in ne. Da aka kawo sababbin kwamfutoci ya haura awa guda, don kullum sabis ya ɗauke. Da aka kafa injin cire kuɗi a waje ya sauko talatin da biyar, ya yi shekara uku a nan, sannan ya ci gaba da hawa kamar farashin mai.

Sai aka kawo sabon manaja, matashi mai takalmin da ƙuda ke zamewa a kai. Hedikwata ta sa injin ba da lamba a bayan ƙofa, yana ƙirga lokaci daga karɓar lamba zuwa isa kantar biyan kuɗi, ta ce kada a wuce minti goma. Manaja ya yi nazari, ya kafa rumfa a waje, ya jera kujerun roba, ya ce Dogo mai gadi ya riƙa shigar da mutane biyar-biyar. Cikin wata biyu injin ya ce minti bakwai. Aka buga ƙyalle aka rataya a ƙofa. Littafin Mai Agogo kuwa ya ce awa ɗaya da minti hamsin da biyu, ga ƙafafu biyu-biyu sun cika gefen shafi kamar sawun kaji.

Shi dai kasuwa ta buɗe masa. Mai zaman rumfa ba shi da aiki sai duba agogo, in ya duba sai ya tuna batir ya mutu.

Hedikwata ta aiko wata jami'a ta rubuta yadda aka yi wannan abin al'ajabi, don sauran rassa su koya. Ana gobe za ta iso, manaja ya tako har gaban tebur, domin Dogo ba ya iya riƙe magana, ya riga ya ba shi labarin littattafan.

"Baba, ka san katangar nan ta banki ce?"

"Na sani, yallaɓai."

"Inuwar ma ta banki ce."

"Allah ya ƙara wa banki inuwa."

"To, baƙuwa za ta zo. Agogo kake gyarawa, ko ba haka ba?"

"Shi kaɗai, yallaɓai."

A gida matar ta kwashe littattafan ta tura ƙarƙashin gado, ta ɗora tsohon keken ɗinki a kai. Ta ce, "Inuwar nan da rumfar nan su ke ɗora mana tukunya. Kwana uku kawai, ka zama kurma." Ya yi alkawari. Sai dai littafi na ashirin da huɗu yana cikin aljihun tebur, ita kuma ba ta san da shi ba.

Kwana biyu ya yi bai ɗago kai ba, har wuyansa ya ƙage. A rana ta uku maɗaurin agogon jami'ar ya tsinke, ta zo ta tsaya a gabansa. Yana cikin gyara ta dubi rumfa.

"Baba, waɗannan me suke jira?"

"Jira suke su fara jira, 'yata."

Ta yi dariya. "Ai an ce minti bakwai ne a nan."

Ɗan kawun nan nawa zai iya jure yunwa, zai iya jure zagi, amma ko a gidan makoki ya ga agogon bango ya yi latti sai ya hau kujera ya gyara. Ya dubi Dogo, Dogo ya dubi sama.

"Bakwai ɗin daidai ne, in daga ƙofa za a fara. Amma mutum ba daga ƙofa yake fara tsufa ba." Ya jawo aljihun tebur.

Ta zauna a bencinsa awa biyu tana ɗaukar hoton shafuka. Washegari jami'ar ta bi shi gida, ta sa aka ɗage keken ɗinki aka fito da sauran littattafan, matarsa na tsaye tana kallonsa.

Bayan sati guda Dogo ya zo da leburori biyu.

"Yaya, ka yafe ni, aike ne."

"Ɗauki ta can, gilashin ya tsage ta nan."

Suka tsallaka titi da tebur, suka ajiye a bakin kwata, inda rana ke kwana.

Wata uku bayan haka aka kwance rumfa, aka fito da injin lamba bakin get, aka buɗe kanta biyu da suka daɗe a rufe. Manaja aka mayar da shi wani reshe, da takalminsa. Jira ya dawo minti arba'in da ɗaya, wato shekara goma sha bakwai banki ya yi yana gudu ya iso inda ya tashi, da ƙarin minti ɗaya. Masu canjin batir suka ragu, don yanzu ba wanda ke zama har ya tuna da agogonsa.

Yana can tsallaken titi ƙarƙashin lemar da matar ta ara masa da sharaɗin ya fara gyara ƙyaure. Ya ce daga can ma ya fi ganin ƙofa. A littafi na ashirin da huɗu akwai layi ɗaya da ya ja wa jan biro, na ranar da aka ɗauke teburinsa. Leburori na kamawa ya danna agogo, suna direwa ya sake dannawa: minti huɗu da daƙiƙa goma. A gefe ya rubuta cewa tunda yake, bai taɓa ganin bankin ya gama wani aiki da sauri haka ba.