Ranar da Na Sa Kawu a Layi

A shekarata ta farko a jami'a aka koya mana tsarin rage jira: wanda ya fara zuwa, shi ake fara sallama. Abin ya hau min kai. Da na je hutu garinmu Darini, yayana ya ɗora min rabon tuwon sunan ɗansa. Na hana a kai wa dattawa nasu zaure, na ce kowa ya bi layi.

Ina ɗago kai na hango Kawu, wan mahaifiyata, tsaye bayan jikokinsa. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Na roƙe shi ya koma zaure, ya ƙi. Da layi ya zo kansa, ya miƙo kwano da hannu biyu, ya ce, "Na iso, ranka ya daɗe."