Mai Takunkumi da ɗan farin Inna

Shekarun baya can, ina ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, nan Dogon Dutsi, aka yi wani fim mai dogon zango da ya hana unguwarmu sakat. Duk Lahadi da la'asar ake nuna shi, da Faransanci. Jarumin wani saurayi ne da harsashi ba ya huda shi, yana ɗaga mota kamar mai ɗaukar ƙwarya, shi ya sa mahaifiyata ta raɗa masa Ɗan Tauri. Amma mu ba shi ne ya dame mu ba. Mugun ne ya tsaya mana a rai, wani dogo mai baƙar alkyabba da takunkumi, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba, ba kuma wanda ya san abin da yake nema a wurin yaron. Muka sa masa suna Mai Takunkumi.

A gidanmu ake kallo, don mu ke da parabol, kwanon nan mai kamo tashoshi. Ƴan fadarmu, samarin da muke zaman hira tare, sukan zo da buta da gawayi, a shimfiɗa tabarma a gindin rumfa, a ɗora shayi. Ni ne tafinta. Ina zaune kusa da mahaifiyata ina juya mata magana zuwa Hausa, inda ban gane ba in ƙirƙiro nawa ba tare da ko ƙifta ido ba. A lokacin gani nake duk Arewa ba wanda ya kai ni fahimtar fim. Jarrabawar bak, ta kammala lise, tana ƙarato ni, amma da za a tsaga kaina, Mai Takunkumi za a tarar zaune a inda lissafi ya kamata ya kasance.

Da an gama kallo sai gardama. Abokina, wanda muke zama benci ɗaya a aji, ya kafe cewa komisar ɗin garin ne, wato shugaban ƴan sanda, hujjarsa ita ce duk ranar da mugun ya ɓullo ba a ganin komisar. Wani daga cikinmu da ya tashi a ƙauye ya ce duk wahalar banza muke yi, abin nan ba mutum ba ne, iska ne, ranar da aka cire takunkumin ba za a tarar da kowa a ciki ba. Ni kuwa na tsaya a kan likitan da ke yi wa jarumin magani. Har zane nake yi a ƙasa da tsinke, ina ja daga nan zuwa can, ina cewa "donc, donc" kamar wani alƙali. Mahaifiyata tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ba ta taɓa sa mana baki ba. Na ɗauka ba ta ma gane abin da ake ciki.

To parabol ɗin nan yayana ne ya saya, amma shi ba ya kallo. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu. Tun da aka yaye shi aka kai shi Matankari wurin kakarmu, can ya girma, sai da ya zama saurayi ya dawo Dutsi ya buɗe shagon kayan waya a kasuwa. Mahaifiyata irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In ya shigo gaishe ta, ta juya ga bango ta amsa a taƙaice. In tana son ya ci abinci, ni za ta ce wa, "Ka ce ma mai shago akwai tuwo." Mu ƙannensa kuwa, tana kiran sunanmu, tana zaginmu, tana jan kunnenmu, mu kwanta a jikinta.

Da yayana ya fara zama da matasan ƴan kasuwa masu zuwa wa'azi, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, sai ya samu bakin faɗin abin da ya daɗe yana cin sa. Ya ce wannan kunya ba ta da tushe a addini, al'ada ce kawai. Wata rana a gabana ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah kira sunana sau guda in ji." Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Daga ranar ya daina cin abincin gidan. Yakan tsaya a bakin zaure ya yi gaisuwa ya juya. Bayan nan ya kira ni shago ya ce da an gama girbi zai kwashe matarsa su koma Lome, wani ubangidansa ya yi masa hanya. Na ce yaushe zai riƙa zuwa gida. Ya ce, "Gida wurin wa? Kai ad da uwa a gidan nan, ni baƙo ni ke." Na ji tsoro sosai, don na san halinsa, in ya tafi ya tafi ke nan.

Ana cikin haka, wata Asabar aka yi hadari da iska mai ƙarfi, ta juyar da parabol. Lahadi ta yi, lokacin fim ya kusa, allon tele ba komai sai yayyafi. Ba wanda ya iya saita shi sai yayana. Na je shago na yi ta roƙo, ya yi mini wa'azi a kan ɓata lokaci, na ce na ji na kuma tuba, amma bayan wannan kashi. Ya yi tsaki ya ɗauko sifana ya biyo ni. Ya hau tsani ta bayan rumfa, inda muna jin motsinsa amma ba ma ganinsa, yana juya kwanon muna ihu, "Ya kama! A'a ya tafi! Koma kaɗan!"

Hoton ya zo daidai wurin da Ɗan Tauri ya faɗi sumamme a gaban Mai Takunkumi. Mugun ya tsaya a kansa, ya kawar da kai, ya ce wa yaransa, "Ku ɗauke yaron nan daga cikin ruwan sama." Sai hoton ya sake ɗaukewa. Fada ta kaure. Abokina ya ce aikin komisar ke nan, ba ya son gawa a garinsa. Ni na miƙe zan kawo maganar likita, na riga na ɗauki tsinkena.

Sai mahaifiyata ta ce, "Ku yara ba ku da ido. Wanga mutum ubanai na."

Muka fashe da dariya. Abokina ya ce, "Haba Inna, uban yaron ai ya mutu tun kashin farko."

Ta ce, "Kai ka ga gawa? Tun da anka fara, kun taɓa jin ya kira sunanai? Kullum yaron nan, yaron nan. Kun taɓa ganin ya dube shi ido da ido? In zai yi mai magana, wani shi ka aikawa. Wanga ɗan hwari na, ni na san abina."

Na ce, da isa irin ta mai ilimi, "Inna, Turawa ba su san kunyar ɗan fari ba. Ƙiyayya ce kawai."

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Maƙiyi ai da sunanka shi ka kiranka, har shi haɗa da na ubanka. Wanda ba ka iya hwaɗin sunanai, nauyi yay yi maka." Ta zuba gyaɗar da ta ɓare a faranti, ta ci gaba da magana, muryarta ba ta canza ba. "Randa anka tahi da nawa Matankari, ga amalanke anka ɗora shi, yana miƙo hannu yana kuka. Matan gida duk sun fito sun zuba mani ido, su ga ko in yi hawaye su samu abin yi mani waƙa. Ban dube shi ba. Na ɗauki taɓarya na shiga daka. Gero ya zama gari ina daka, anka kwashe garin ina daka turmi. Sai da uwar mijina tar riƙe mani hannu. Nono ya cika ya yi tauri, na kwan ina zazzaɓi, ban gaya ma kowa ba. Ranar kasuwar Matankari kuwa, duk wanda yad dawo sai na bi shi da tambayar kuɗin kuɓewa, ko Allah shi sa shi ce ya ga yaron."

Ba wanda ya sake dariya. Shayi ya tafasa ya zube a kan gawayi, ba wanda ya kula. Ni dai ban taɓa jin wannan labarin ba, kuma a lokacin ne na lura motsin sifana ya tsaya a bayan rumfa. Har yau ban san ko ta manta yana sama ba ne, ko kuwa saboda yana saman ne ta yi maganar. Ban taɓa tambayarta ba.

Abokina, da yake bakinsa ba ya da linzami, ya ce, "To Inna, in ubanai na, mi ya hana shi cire abin shi hwaɗa mai?"

Ta ce, "Da wane baki? Abin da anka ɗaure maka tun kana ƙarami, ba ranar da kag ga dama ka ka kwance shi ba."

Can sai hoton ya dawo tar. Muka ji yayana yana saukowa. Ya zagayo ya wanke hannu a buta, na zaci zai yi sallama ya wuce kamar kullum. Sai ya zauna a bakin tabarma, ya ba ta baya kaɗan, idonsa a kan tele. Sannan ya ce mini, "Tambayi Inna, in yaron ya gaji da jira fa?"

Na buɗe baki zan maimaita, ta riga ni. Farantin gyaɗa take kallo. Ta ce, "Shi yi haƙuri. Uban bai iya ba, ba ƙi yay yi ba." Ta turo mini farantin da ƙafa. Na miƙa masa. Ya ɗiba ya ci.

Daga wannan Lahadin, mutumin da ke yi mana wa'azin ɓata lokaci ya zama shi ke fara zuwa. Yakan ce ya zo duba ko iska ta sake taɓa kwanon, ko da an yi mako ba a ga hadari ba. Ya riƙa zama har a kawo tuwo. Kuma ya zama babban lauyan ra'ayin Inna. A kasuwa ma na ji shi yana gardama da maƙwabcin shagonsa, yana lissafa masa wuraren da Mai Takunkumi ya samu damar kashe yaron bai kashe ba. Ni da likitana muka koma ƴan adawa marasa magoya baya.

Ranar da aka cire takunkumin, gidanmu har kan katanga mutane. Aka yaye, sai ga wani attajiri da aka nuna sau ɗaya ko biyu yana yanka ƙyalle a wurin buki. Ba komisar ba, ba likita ba, ba iska ba, ba kuma uban kowa ba. Yana son yaron da rai ne don ya zuƙe ƙarfinsa, sunan kuwa bai ma damu ya sani ba. Duk mun faɗi. Abokina ya juyo yana dariya ya ce, "To Inna, ina uban?" Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe baki, ta ji kunya. Sai yayana ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Inna ce ta yi daidai. Masu fim ɗin ne sunka yi kuskure."

An yi girbi, an ɗaure dammuna, ba wanda ya sake jin maganar Lome. Ni ma na ci bak da ƙyar, kada ku tambaye ni maki.

Yanzu in na ga matasa a fada suna kumfar baki a kan wane ne mugun wani fim, ba na raina su. Nakan ja kujera in saurara, don na lura kowa da abin da ya sani a gidansu yake auna mutumin da ke bayan takunkumi. Na kuma gane cewa yayana yana da gaskiya, yaro yana buƙatar ya ji uwarsa ta kira shi, ni ƴata ta fari ina kiran sunanta har sai ta ce na dame ta. Amma ita ma Inna ba ƙarya ta yi ba. Abin da aka koya mata ke nan, kuma ya ci ta fiye da yadda ya ci shi.

Har yau ba ta kira sunansa ba, shi ma ya daina nema. Sai dai bara da ciwon ƙafa ya kwantar da ita a asibiti, shi ne ya rufe shago ya tare a wurinta. Wata malamar asibiti, baƙuwa ce a garin, ta shigo duba ta da hantsi, ta gan shi yana gyara mata matashi, ta ce, "Hajiya, wannan fa? Ƙaninki ne?" Matan zamaninsu haka suke amsawa, su ce ƙane ne ko ɗan maƙwabta, a yi dariya a wuce. Ina tsaye ina jiran in ji hakan. Ta ja mayafinta har goshi, sannan ta ce a hankali, "A'a. Nawa na. Shi na na hwari."

Yayana ya ajiye matashin ya fita baranda. Na bi shi na tarar da shi ya dafa bango, mutum da furfura a gemu, kafaɗunsa suna rawa. Na koma ciki na bar shi.